Furar Kajiji a Jirgin Sama

Shagari

Ana sallame sallar asuba na fito, rungume da kwanon fura da gorar nono. Ɗiyata ta fari da ke aure a Abuja ciki ya tsufa, ba abin da ke zama mata sai furar Kajiji. Duk wadda na aika a mota, kafin ta isa ta yi tsami. Shi ya sa autana Bashiru ya yanko mini tikitin jirgi, wai tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna.

Na ce, "Kai, rufa min baki! Hanyar da ni ka yini bisa har dare? Na yi yaƙi da jahilci, na iya lissahi." Na buga wa yarinyar na ce a zo ɗaukata bayan la'asar.

Bodinga

Nan direba ya tsaya lodin albasa. Na leƙo ta taga: "Direba, ni ka ɗauko ko albasa?"

"Inna, jirgi ba ya tashi ba ke."

"Ubanka ad da shi? Ja mu tahi!" Motar ta ɗauki dariya, ya ja.

Filin jirgin Sakkwato

Masu bincike suka ce nono ba zai shiga ba. Na tambaye su laifin da ya yi musu, suka ce doka ce. Na miƙa wa Bashiru, da ya rako ni, gorar ina harararsu. Furar kuwa ta bi ta cikin na'ura ta fito lafiya, har na yi mata barka.

Jirgi ya tashi da mu sama. Na yi salati, sai kuma dariya ta ƙwace mini, na kasa tsayar da ita. Gonaki a ƙasa kamar facin zane, gulbi kamar zare! Na kwance guzurin yini guda, dambu da kilishi, ko loma uku ban kai ba maƙwabciyata ta ce, "Baba, ɗaura bel, za mu sauka."

"Gusau?"

"Abuja."

Abuja

Ko azahar ba ta yi ba. Wayar yarinyar a kashe, ashe tana asibiti wurin awo. Saura lambar mijinta. Ni da ba direban da ban yi faɗa da shi ba, ban taɓa buga wa surukina waya ba; in ya zo gaisuwa ta bayan labule nake amsawa. Na zauna, rana tana ƙara zafi, ina buɗe kwano ina shinshinawa. In na jira la'asar, an koma gidan jiya.

Na rufe fuska da mayafi, kamar yana ganina, na danna. "Salamu alaikum. A gaya ma masu gida hura ta iso." Na kashe.

Ba a jima ba sai ga shi yana haki, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gaban jama'a. Na kau da kai na miƙa masa kwanon.

Da aka dama, yarinyar ta kurɓa, ta dube ni: "Inna, ta yau ce!" Ta shanye tas.

Gida

A jirgin na komo, ban ɗauki guzuri ba. Bashiru ya tare ni yana murmushi: "Inna, ya lissahi?"

"Lissahina daidai ne, jirgin ne ba ya bin hanya."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode wa auta, da kuma wancan mutumin da ba zan rubuta sunansa ba.