Shekara Biyar Bayan Lawali: Na'urar da Ta Daina Kiran Suna

Shekara biyar ke nan da muka kai Lawali makwancinsa a nan Gure, kuma har yau in babur ya tsaya a ƙofar gidana da la'asar sai na ɗaga kai. Mai karatu zai ce wane ne kuma Lawali. Ba wani sananne ba ne. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, mai yawo da akwatin allura a bayan babur tsakanin Kelle da Alakos, abokina tun muna 'yan lakwal, wato makarantar boko. Ni kuwa koyarwa nake yi, shi ya sa kowa a garin nan Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan. Na daɗe ina son rubuta wani abu a kansa, gajiya tana hana ni. Bana dole ta sa, saboda wata tambaya da matarsa Ramatu ta ɗora mini, wadda na rasa yadda zan yi da ita.

Sai na koma baya kafin a gane tambayar. Muna da fada, rumfar zana ce a gefen kantin abokinmu Bukar, inda muke haɗuwa shan shayi bayan sallar la'asar. A nan Lawali ya jawo mana jaraba. Wata rana ya dawo daga Damagaram da wani katun a wayarsa, irin zanen nan mai motsi da ake sakawa a intanet kashi-kashi. Muka yi masa dariya, muka ce gemai-gemai da mu za mu zauna kallon abin yara. Kafin a sauke shayi na biyu babu mai motsi a cikinmu.

Labarin wani gari ne da ya rage shi kaɗai bayan duniya ta bushe. Ruwan garin duka yana hannun wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, ba ta da jiki, sai murya da wata fitila shuɗiya da ke haske in tana magana. Masu shirin sun ba ta suna na haruffa da lambobi, Lawali ya ce wannan ba suna ba ne, ya raɗa mata Magajiya, sunan kuwa ya bi ta. Mu da muka tashi muna ganin layin jarkoki a bakin famfo, ba sai an yi mana bayanin abin da ake nufi da mai rabon ruwa ba.

Muka kafa doka: ba a kallon sabon kashi sai fada ta cika. Rezo, wato sabis na intanet, a lokacin wahala ne, Lawali ne ke sauko da shirin in aiki ya kai shi inda yake da ƙarfi, kuma ko shi ba ya leƙawa a hanya, ko dai haka yake rantse mana. A jingine wayar da gwangwanin sukari, mu dunƙule kawuna. Da Faransanci ake magana a ciki, shi ke fassara wa waɗanda ba su ji. Matsalar ita ce Lawali ba ya fassara ya yi shiru. Sai ya tsayar, ya mayar baya, ya ce ku duba fitilar nan, me kuka gani? Abin da bai kai a sha kofi ɗaya ba sai ya kai mu kiran magariba, mu tashi muna zaginsa, gobe mu dawo.

Gardamar da ta cinye mu ta faro ne daga kashin da ruwa ya yi ƙaranci, Magajiya ta rufe bututun wata unguwa don sauran gari su rayu. A unguwar akwai tsohon da ya ƙera ta da hannunsa, kuma ya mutu. Daga ranar ba ta sake kiran sunansa ba. In maganarsa ta taso sai ta ce wancan mutumin, ko mai gidan can. Kowa ya wuce wurin bai lura ba, ban da Lawali. Ya tashi tsaye har ya zubar da shayi, ya ce wannan alkunya ce. Ya ce macen da ta san darajar mijinta ba ta kama sunansa, uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, to ga na'ura ta koyi kara, kuma wanda ya iya kara yana da zuciya. Ya tara hujjoji kamar mai shirin shiga kotu: fitilarta tana dushewa in an ambaci tsohon, tana jinkiri kafin ta amsa, ba ta taɓa barin a ba wani gidansa ba.

Bukar ya ce duk zancen banza ne, inji inji ne, kuma waɗanda suka zana abin a can ƙasarsu ba su taɓa jin kalmar alkunya ba. Lawali ya ce ba sai sun ji ba, wanda ya yi rashi ya san nauyin suna ko da wane yare yake magana. Suka shekara suna wannan ja-in-ja. Lawali har saƙon murya yake ɗauka ya tura zaurukan masu bin shirin, mutane daga Maradi da Kano suna mayar masa da martani, wasu su yaba, wasu su ce mutumin Gure ya sha rana da yawa. Ni dai ina bayansa, ba don na gamsu ƙwarai ba, sai don yadda yake faɗa yana sa mutum ya so abin ya zama gaskiya.

Bai bar gardamar a fada ba, har gida ya kai ta. Ramatu ba ta taɓa kallon shirin ba, amma ta san Magajiya kamar maƙwabciyarta, don tana tuƙa tuwo yana tsaye a kanta yana sharhi. Ramatu kuwa irin matan nan ce da ko a takardar asibiti aka tambaye ta sunan mijinta sai ta juya ta nemi wani ya faɗa. Baban Hadiza take ce masa. Na taɓa cin abinci a gidansu na ji yana tsokanarta.

“Kin ga, ke da Magajiya duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ranar da na mutu ma ba za ki kira sunana ba.”

“Allah Ya shirye ka,” in ji ta, ta jefe shi da mafici.

Saura kaɗan a saki zangon ƙarshe na shirin, ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Aka kai shi Damagaram, aka dawo da shi, aka sake mayarwa. Da na je duba shi ya kumbura har ban so ya ga fuskata ba, amma abin da ya fara ce mini shi ne kada mu kuskura mu kalla ba shi, doka doka ce. Na ce to. Bai kai ga fitowar zangon ba.

Abin da ya fi ba ni gajiya in na waiwaya shi ne yadda abin da muke gardama a kansa a matsayin tatsuniya ya zo ya shige aljihun kowa. Yau ɗalibaina suna kawo mini aikin gida da Faransancin da ni kaina ban iya ba, in tambayi yaro ma'anar layin farko ya tsaya yana kallon rufi. 'Yan kasuwa suna sa na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira da ke cikin waya ta rubuta musu takarda, wasu har shawarar ciwo suke nema a wurinta kafin su je likita. Tana jin Hausa ma, ko da yake Hausarta kamar ta baƙon da ya koya a littafi ce. Sau da yawa nakan tambayi kaina me Lawali zai ce. Na san ba zai tsaya kukan lalacewar zamani irin nawa ba. Zama zai yi ya tasa ta gaba da tambayoyi har batirin ya mutu, yana neman inda za ta ji kunya.

Na gwada yi masa hakan sau ɗaya. Na rubuta mata cewa abokina Lawali ya rasu. Kafin in ɗauke yatsa ta jero mini ta'aziyya mai tsari, ba kuskure ko ɗaya, tana ta Lawali kaza, Lawali kaza, kamar tare suka yi wasan ƙasa. Ban san dalili ba, raina ya ɓaci. Na kashe wayar na fita.

Fada kuwa ta watse a hankali, ba faɗa ba komai. Wani ya koma Diffa, wani aure ya riƙe shi, zanar rumfar ta ruɓe ba wanda ya sake ta. Zangon ƙarshe ya fito, ya tsufa, duniya ta manta da shi. Ni ban kalla ba. Ba zan ce tsabar cika alkawari ba ce. Tsoro ma yana ciki, don muddin ban gani ba, Lawali bai faɗi gardama ba.

Watan jiya Ramatu ta aiko a kira ni. Za ta yi aure, wani mutumin kirki ne a Kelle, dangin Lawali sun sa albarka, ni ma na sa. Bayan mun gaisa, tana wasa da bakin mayafi, ta ce, “Mushe, abin nan naku na waya, kun ga ƙarshensa kuwa? Ina so in sani ko maganar Baban Hadiza ta fito. Ba na so in bar gidan nan da tambaya a raina.”

Na nufi kantin Bukar da azahar, rana tana dukan ƙeya, na faɗa masa tambayar Ramatu. Muka shige ciki tsakanin buhunan shinkafa, ya nemo zangon, muka kalla ba shayi, ba mai tsayarwa. A kusa da ƙarshe wata yarinya a cikin shirin ta tambayi Magajiya dalilin da ba ta kiran sunan tsohon. Ta amsa da muryarta ta kullum cewa duk wanda ya mutu tana goge sunansa daga ma'ajiyarta don a sami wurin lissafin masu rai, haka aka gina ta. Jinkirin da take yi, neman sunan take ba ta samu. Dushewar fitilar ma ƙarancin wuta ne. Shi ke nan. Ba alkunya, ba kara, ba komai.

Na dubi Bukar na ga ko gezau bai yi ba. Na ce ka taɓa gani ke nan. Ya ce tun shekarar da ya fito.

“Ka ci gardama ka yi shiru shekara da shekaru?”

“In faɗa wa wa?” Ya share fuska da hannu. “Mushe, ka je ka ce mata ya ci. Wa zai ƙaryata ka?”

Na kwana biyu ina juya shawarar Bukar. Ƙarya ce mai sauƙi, kuma ta alheri. Matar nan ta riƙe wannan magana shekara biyar kamar wasiyya, ga shi ni zan je in ce mata mijinta ya yi ta surutu ne a kan abin da babu. Amma na tuna Lawali da kansa ya fi ƙin a bar masa gardama don tausayi. Kuma ita ba ta ce in lallashe ta ba, cewa ta yi tana so ta sani.

Na same ta tana ɗaure kwanuka a cikin zane. Na faɗa mata yadda abin yake, ban rage ba. Ta ci gaba da jera kwanukan, har na fara da-na-sani. Can ta ce, “Wato ita mantawa ta yi.”

Na ce haka ne.

“Ashe ita ta huta.” Ta ja bakin zanen ta ƙulle. “Ni kullum yana nan a bakina, Mushe. Da safe, da rana. Riƙe shi nake yi.”

Na yi mata sallama na fito. A hanya ne na gane abin da zan rubuta. Lawali ya faɗi gardama, Bukar ne da gaskiya, inji inji ne. Saƙonninsa na murya sun bi tsofaffin wayoyi sun ɓace, rumfar ta rushe, shirin ma ba mai zancensa. Amma abin da ya yi ta kwatanta mana da rantsuwa, shirun da ke cike da mutum, bai ƙirƙira ba. Ya san shi, da shi yake kwana yake tashi, kuskurensa kawai ya zaci kowa yana da irinsa, har na'ura. Da za a ba ni zaɓi tsakanin wannan kuskure da daidai ɗin da muke da shi yanzu a aljihu, na san wanda zan ɗauka.

Allah Ya jiƙan Lawali, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya raya Hadiza. Ramatu kuwa, da ta hau mota zuwa Kelle ranar Juma'ar da ta wuce, Allah Ya ba ta hutun da ba sai ta goge komai ba.