Inna Murjanatu da Bogar Ranar Asabar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga watan Rajab 1446, wadda ta yi daidai da 14 ga Janairu 2025, jim kaɗan bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Hajiya Murjanatu Ya'u a wani asibiti da ke Katsina, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. An kawo ta gida Daura, aka yi mata sutura, aka kai ta makwancinta kafin rana ta faɗi. Ta rasu tana da shekara saba'in da 'yan kai.

Sunana Raihana. Ni ce matar ɗanta na fari, marigayi Abdulmuhaimin. A ƙa'ida surukata ce, amma Inna nake ce mata, kuma da wannan sunan zan yi mata magana a nan.

Inna, a kwanakin zaman makokinki na ji alherinki a bakin mutanen da ban ma taɓa gani ba. Wata ta ce ke kika zauna da ita a wankan jego lokacin da uwarta ba ta raye. Wata ta zo tun daga Zango, ta ce aurenta ya kusa mutuwa sau biyu, sau biyun kuma a tabarmarki aka gyara shi. Na saurare su ina gyaɗa kai, don babu wadda ta yi ƙari. Amma akwai abin da 'yan unguwa suka daɗe suna yi miki barkwanci a kai, suna kiranki tsohuwa mai abincin Turawa. Da yawa ba su san yadda aka fara ba. Ni na sani, domin a gabana aka yi, kuma saboda 'yata aka yi.

A Kaduna muke zaune lokacin da Allah Ya yi wa Abdulmuhaimin rasuwa a haɗarin mota. Ke kika ce a kawo ni Daura in yi takaba a ɗakinki. Na zo da 'yarmu Asma'u, tana da shekara shida. Tun ranar da aka gaya mata babanta ba zai dawo ba, yarinyar nan ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake cin abincin kirki ba. Sai ta kurɓi shayi ta ture kofin. Kin tuƙa mata tuwon shinkafa, kin dama mata fura da nono mai kyau, kin soya mata waina da zuma, ta dube su ta kau da kai. Awarwaron da ke hannunta ya fara zamewa yana faɗuwa ƙasa. Likita ya duba ta ya ce babu ciwo a jikinta, amma idan aka ci gaba a haka sai an kwantar da ita an yi mata ƙarin ruwa. Ni kuwa a lokacin ban da amfani ga kowa. Ina kwance a ƙuryar ɗaki, ina kallon 'yata tana ramewa, na rasa ƙarfin da zan ko lallashe ta.

Ke ma fa ɗa kika rasa. Amma ɗan fari ne, kuma ke mutuniyar da ce mai kunya da kawaici. Tun da na shigo gidanku ban taɓa jin kin ambaci sunansa ba, sai dai ki ce "wannan yaron" ko "mutumin Kaduna". Da ya rasu ma ba a ga hawayenki a gaban jama'a ba.

Wata Asabar da hantsi kika zauna kusa da Asma'u a tsakar gida kina tsintar wake, kika ce, "Ƙawata, in da za a ce ki zaɓi abu ɗaya a duniya ki ci, mene ne?"

Can ta ce, "Bogar Abba."

Kika juyo kika dube ni. Na yi miki bayani cewa boga wani biredi ne mai zagaye da ake tsaga shi biyu, a sa soyayyen niƙaƙƙen nama a tsakiya, a ɗora masa cuku ya narke. Duk Asabar babanta yakan ɗauke ta su je wani gidan abinci su ci, su biyu kaɗai. Na ce, "Inna, ba a samunsa a nan kusa, sai dai manyan birane." Kika ci gaba da tsintar wakenki, kika ce, "To, ai mutum ne ke yin sa."

Na farko da kika yi, ban manta shi ba. Kin daka nama a turmi, kika zuba masa yaji da citta da kanumfari har da ɗan daddawa, kika soya shi a mai, kika sa a tsakiyar gurasa. Ƙamshi ya cika gidan, kowa ya ci yana santi. Asma'u ta shinshina ta ce, "Ba haka na Abba yake ba." Ba ki ji haushi ba. Kika jawo kujera 'yar tsuguno kika ce, "To gaya mini yadda nasa yake."

Ta ce biredinsa mai laushi ne, da riɗi a kansa. Washegari kika yafa mayafi kika tafi gidan biredin Mati, kika tsaya masa a kai har ya yarda zai riƙa mulmula miki ƙanana masu zagaye, ya shafa musu ƙwai, ya barbaɗa riɗi. Ta ce naman ba shi da yaji, kuma faffaɗa ne. 'Yarki Firdausi ta nemo miki bidiyo a waya, wani mutum yana yin sa yana ta zuba Turanci. Kika ɗora tabarau kika kalla, kika ce a maimaita, aka maimaita. Firdausi ta ce ta fassara miki, kika ce, "Bar shi. Ba na jin bakinsa, amma ina jin hannunsa."

A nan kika gane cewa naman ba ya son wahala. Ba a dakawa, ba a cuɗawa da yawa, ba a cika masa kayan ƙamshi. Kika aika wa ƙaninki Kawu Hamma, wanda ke harkar shanu a kasuwar Mai'adua, kika ce ya samo miki nama mai ratsin kitse, ba tsoka zalla ba, domin tsoka zalla bushewa take yi. Aka niƙa a inji. Kika samo faffaɗan kaskon ƙarfe irin na masu shayi, kika ɗora a kan gawayi sai da ya yi zafi sosai. Ki ɗan dunƙula naman sako-sako, ki ajiye a kasko, ki danne shi da gindin kwanon sha har ya baje, sannan ki barbaɗa gishiri da masoro. Ba kya taɓa shi sai gefensa ya yi ja ya ƙame, sai ki kankaro shi ki juya. Biredin kuma ki shafa masa man shanu ki kifa a gefen kaskon ya ɗan gasu.

Cuku ne ya fi ba ki wuya. Kawu Hamma ya kawo miki na Buzaye daga tsallaken iyaka, mai kyau kuwa, amma aka ɗora shi a wuta ya ƙi narkewa, sai ƙara tauri yake yi. Kika ce wannan cukun ya gaji taurin kan wanda ya kawo shi. Daga baya wani direba ɗan unguwa ya riƙa taho miki da irin na kanti daga Kano, mai falle-falle a leda, kina kai shi ajiya firjin maƙwabta masu sola. Kokwamba kuma kika yanka siri-siri kika jiƙa a ruwan lemon tsami da gishiri da ɗan sukari, saboda ƙawarki ta ce akwai wani kore mai tsami a ciki wanda Abba ke cirewa daga nasa ya ƙara mata.

Haka aka yi ta yi Asabar bayan Asabar. Kullum da abin da bai yi daidai ba, kullum kuma sai kin ce, "To gaya mini." Yarinyar da ta yi shiru ta fara magana. Ta gaya miki teburin da suke zama kusa da taga. Ta gaya miki yadda yake ce mata ta buɗe baki kamar kada. Ta gaya miki ranar da miya ta ɗiga masa a farar shadda ya ce kada a faɗa wa Umma. A cikin hirar takan gutsuri gefen biredi ta kai baki ba tare da ta lura ba, ke kuma ki yi kamar ba ki gani ba. Har yau ban sani ba, Inna, ko wasu kurakuran nan da gangan kika yi su don hirar ta yi tsawo. Ban taɓa tambayarki ba, kuma na san da na tambaya murmushi kawai za ki yi.

Ranar da abin ya kammala, komai ya yi daidai a idona, amma Asma'u ta dubi farantin ta ce, "Na Abba ba a faranti yake zuwa ba. A takarda yake zuwa." Kika tashi kika nemo farar takarda mai tsabta, kika naɗe shi da zafinsa, kika bar shi ya ɗan huta har tururi ya tausasa biredin, sannan kika miƙa mata hannu biyu kamar baƙuwa ta zo. Ta warware takardar a hankali. Ta ciza, cuku ya biyo bakinta. Ta sake ciza. Sai da ta ci fiye da rabi, sannan ta ajiye, ta dube ki ta ce, "Inna, shi Abba wa zai ba shi nasa?" Ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar rasuwar.

Kika jawo ta jikinki. Ina tsaye a bakin ƙofa, na ji da kunnena kin ce, "Abdulmuhaimin yana wurin da ya fi nan abinci, in sha Allahu. Abdulmuhaimin yaron kirki ne." Sau biyu kika faɗi sunan, hawaye na bin fuskarki, ba ki share ba. Na koma ɗaki na yi nawa. Da daddare yarinyar ta ci tuwo miyar kuka, da safe ta nemi kunu da kanta.

Bayan nan ba ki daina ba. Yaran unguwa suka ji ƙamshi suka gane Asabar, ke kuma ba kya iya korar yaro. Sai ki yanka guda ɗaya gida huɗu don kowa ya samu. A haka Asma'u ta yi ƙawayenta na farko a Daura. Ke kanki ba ki taɓa son abin ba. Ki ɗanɗana gefen nama don ki ji gishiri, ki yamutsa fuska ki ce abincin da ba ya riƙe ciki, ki jawo kwanon furarki. Amma hayaƙin gawayi ya sha sa ki tari, kitse ya sha fallatsar miki a hannu, ban taɓa jin kin ce yau kin gaji a bari sai wani mako ba.

Da na gama takaba iyayena suka ce in koma Kaduna. Kika ce zaɓi nawa ne, amma ɗakina yana nan. Na zauna, na samu aikin koyarwa. Da shekaru suka ja, Malam Suhaibu ya aiko neman aurena, na ƙi don ina jin kunyarki. Ke kika kira ni ɗaki kika ce, "Wanda ya tafi ba ya bukatar zamanki, addu'arki yake bukata, ita kuma a ko'ina ana yin ta." Ke kika binciki halinsa, ke kika haɗa mini gara, ke kika yi mini faɗan da uwa ke yi wa 'ya ranar da za a kai ta. Mutane suka yi ta mamaki, wai uwar miji ce ke aurar da matar ɗanta. Kika ce su yi ta yi.

A ciwonki na ƙarshe mu biyu muka yi jinyarki, ni da Firdausi. Numfashi ya yi miki nauyi, magana ta ragu, sai dai ki yi nuni da ido. Ranar Litinin wata ma'aikaciyar jinya ta shigo ta ce a rage mutane, dangi na jini kaɗai za su zauna. Ta dube ni ta ce, "Ke mece ce ɗinta?" Na buɗe baki zan yi bayani. Sai kika ɗaga hannu da ƙyar kika kama gefen hijabina, kika ce, "'Yata ce." Ita ce cikakkiyar maganar da na ji daga bakinki ta ƙarshe, in ban da kalmar shahada.

Ya Allah, ga baiwarKa Murjanatu ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ta ciyar da marainiya a lokacin da ita kanta take cikin ƙunci, Ka ciyar da ita daga 'ya'yan itatuwan Aljanna, Ka shayar da ita daga tafkin Alkausara. Ka haɗa ta da mijinta Malam Ya'u da ɗanta da ta yi haƙurin rashinsa, a inuwar da babu rabuwa bayanta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta Hafizu da Firdausi da autanta Mahdi, da Kawu Hamma da dukkan dangi na Mai'adua da Zango da garin Babban Mutum, da maƙwabta da suka rasa ƙofar da ba a rufewa. Ina yi wa Asma'u ta'aziyyar kakarta kuma ƙawarta. Ni ma ina karɓar ta'aziyya, domin ita ta ba ni wannan matsayin da bakinta.

Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Allah Ya jiƙan ki, Inna. Sai mun zo.