Baba Birki da Direbobin Sama

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas, kuma ko kaza bai taɓa bugewa ba. Fasinjoji ne suka laƙaba masa Birki, don ko leda iska ta kaɗo kan titi sai ya taka. Da ya ajiye aiki, kamfanin ya bar masa kujerar motarsa, tunda ta riga ta lotsa daidai jikinsa. Ya kafa ta a falo, gaban talabijin.

Labarai kawai yake kallo, sai hasashen yanayi, wanda kullum yake musu da shi. Ana nan aka yi hutun makarantu, babbar 'yarsa, malamar firamare, ta zo gida mako biyu. A hutun nan wata tasha ta tsiri saka finafinan sararin samaniya kullum bayan abincin rana, ita kuwa 'yar ba ta haɗa su da komai.

Ranar farko Baba Birki ya zura ido yana kallon matuƙin kumbo.

"Wannan ne direban? Ina madubinsa? Ta yaya yake ganin na baya?"

"Baba, sararin samaniya ne fa. Ba kowa a baya."

Ba ta rufe baki ba wani kumbo ya ɓullo ta baya ya yi musu ruwan wuta. Baba Birki ya juyo ya dube ta, ya gyara zama.

Daga nan bakinsa ya buɗe da ƙorafi. Ba mai duba mai kafin a tashi. Fasinjoji a tsaye ana zabga gudu. Jar fitila tana ta ƙiftawa, maimakon a raɓa gefe a duba inji, sai ihu. Halittun nan masu ido uku da fata kore kuwa ba su dame shi ba.

"Na ɗauki waɗanda suka fi su," in ji shi.

A ra'ayinsa, lokacin hutu kamata ya yi a nuna wa mutane abin da zai kwantar da hankali, kamar kifi a ruwa, ba a riƙa lalata direbobin gobe ba.

"To ka tashi mana, Malam," in ji matarsa, tana ninke wanki.

"Iyakar ƙaryarsu nake so in gani."

Kwana goma sha biyu yana neman iyakar.

A rana ta goma sha uku aka saka wani fim mai matuƙiya mace. Kafin ta tashi sai da ta zagaya kumbon tana ƙwanƙwasa jikinsa, ta ƙirga fasinjojinta, ta sa kowa ya ɗaura bel. Baba Birki ya gyaɗa kai. Da inji ɗaya ya mutu tana shirin sauka, ya kama hannun kujerarsa yana cewa, "Sannu a hankali, 'yata. Kar ki saurari na bayan nan."

Sai aka ɗauke wuta.

Baba Birki, mutumin da ciwon gwiwa ke hana shi zuwa bakin ƙofa, ga shi a titi da silifa wari-wari, ya nufi shagon tela mai janareta. Ya tarar mutum shida suna kallon ƙwallo.

"Tela, don girman Allah canza tasha. Rai arba'in ne a sama!"

Telan ya ɗauka haɗarin jirgi aka yi, ya canza nan take. Kafin masu ƙwallo su gane fim ne, su ma sun shiga ba matuƙiyar shawara.

Ya dawo gida yana haki, gumi har wuya.

"Baba, ta sauka?"

"Ta sauka. Yarinyar tana da hannu. Ƙarya ce dai, amma tana da hannu."

Washegari 'yar ta koma bakin aiki, tashar ma ta koma shirye-shiryenta na kullum. Bayan abincin rana ya latsa tashoshi har sau biyu, ya ajiye rimot, ya yi gyaran murya.

"Wai ni kam," ya ce wa matarsa, "yaushe 'yan makarantar nan za su sake samun hutu?"