Sifanar Tsoho Dou

Shekara arba'in Dou Fulai ya yi yana gyaran kekuna a bakin wani lungu a birnin Tianjin, bai taɓa riƙe sitiyari ba. Amma ko yau ka duba takardu, shi ne mai farar motar da ɗansa Jinhai yake yawo da ita.

Ƙuri'ar lambar mota ce ta jawo, don a garin sai sunanka ya fito a ƙuri'a ake ba ka lamba. Jinhai ya shekara shida yana jefa sunansa bai dace ba, ya jefa na matarsa Shulan, shiru. Da ya jefa na tsohon, wata biyu sunan ya fito. Dole aka sayi motar da sunan mai lamba.

Dilan motar ya ba su garantin inji na tsawon rai, da sharaɗi biyu. Na farko, ran mai motar na farko ake nufi, in ya mutu garanti ya ƙare. Na biyu, duk wata shida a kawo ta sabis wurinsu, su buga hatimi. Idan baƙuwar sifana ta taɓa ko noti ɗaya, garanti ya tashi. Juyen baƙin mai da Pang, bakaniken lungun kuma abokin darar tsohon, yake yi a yuwan ɗari uku na kuɗin ƙasar, su dubu ɗaya da ɗari huɗu suke karɓa. Jinhai yakan biya yana cije leɓe, ya ce ranar da inji ya buga zai fanshe.

Tun daga nan lafiyar tsohon ta zama abin tattali. Shulan, wadda a da sai sabuwar shekara take leƙo shi, ta koma zuwa da romo duk mako. Ta kwashe tabarsa, ta hana shi fatar agwagwa.

"Baba, ka sha maganinka?"

"Na sha, 'yar nan. Ko za ki buga min hatimi a goshi?"

Ranar sabis kuwa ranar shagalinsa ce, don sai ya je da katinsa ya sa hannu. Dilan yana ba masu jira abincin rana kyauta, shi kuma faranti uku yake tashi da su. Daga nan ya manna hanci a gilashi yana kallon masu aikin.

"Dubi wancan mai farar safar hannu," yakan ce wa ɗansa. "Goge ƙura yake yi, kai kana biyan kuɗin tiyata."

A shekara ta biyar tsohon ya zame a matakala ya gurɗe ƙafa. Jinhai da Shulan suka tsorata, wani ɓangare don shi, wani ɓangare don hatimi goma da suka riga suka tara. Suka samo masa gidan tsofaffi can bayan gari, mai likita da ƙarfen dafawa a kowane bango. Ba a shiga da tsuntsu, ga shi yana da nasa a keji, ba a shiga da akwatin kayan aiki, kuma Pang ba zai iya zuwa dara ba. Tsohon ya ce ba ya so, suka ce an riga an kama ɗaki.

Ran tafiya ya roƙi a tsaya ya yi sallama da Pang. Jinhai ya faka a ƙofar garejin, shi da matarsa suka tsallaka sayen lemo. Da suka dawo, ƙafafun uban kawai suka gani sun leƙo daga ƙarƙashin motar. Pang ya tura wani tsohon kwano ƙarƙashin injin, ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto.

"Baba, me kake yi a nan?" in ji Jinhai.

"Juye zan yi wa motata," in ji murya daga ƙasa. "Pang zai aika wa dila hoton, su ga ƙwazona."

Jinhai ya durƙusa a kan titi da wandon ofis. Ga sifana nan a hannun tsohon, ya kai ta jikin notin.

"Baba, shekara biyar muna biya."

"Na sani, da ni aka ci shinkafar."

"Don lafiyarka muke yi, Baba," in ji Shulan.

"Lafiyata tana lungun nan. Ke zaɓi, 'yar nan, hannuna ya fara gajiya, kuma idan ya gaji murɗawa yake yi."

Pang ya ce, "Ku yi sauri, wannan tsohon ko a dara ba ya janye hannu."

Jinhai ya kira gidan tsofaffin a nan durƙushe, ya soke ɗakin. Tsohon ya sa aka ƙara masa da fatar agwagwa ranar Lahadi, sannan ya yarda aka jawo shi ta ƙafa mai lafiyar. Shulan ta karkaɗe masa baya da ƙarfin da ya ɗan wuce na ladabi.

Bayan motar ta sha kwana, Pang ya karɓi sifanar ya juya ta.

"Kai, tsohon banza, wannan ai ta fedar keke ce. Ko bakin notin ba za ta shiga ba."

"Yaron da ke biyan dubu da ɗari huɗu a goge masa ƙura, ina zai sani?"

Har yanzu yana ɗakinsa, tsuntsunsa na kuka a taga. Sifanar tana rataye a ƙusa daidai bakin ƙofa, inda duk mai shigowa da romo sai ya gan ta.