Ranar da Dada Ta Ƙetare Kogin Faro

Laraba: Jalingo zuwa Gurin

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar gida a unguwar Turaki: ni, da matata Hauwa, da mahaifiyata, wadda muke kira Dada. Garwa muka nufa, a Kamaru, wurin yayarta da ke kwance ba lafiya. Rabonsu da juna shekara ashirin da shida. Kullum ana cewa sai baɗi, sai bana da na gama hidimar ƙasa Allah ya nufa. Cikinmu ba wanda ya taɓa fita Najeriya.

Fasfo uku da katin allurar shawara uku na duba su sau biyar, ko shida, kafin tasha. Mun shiga Yola wajen tara da rabi, bayan shingen jami'an tsaro huɗu in ban yi kuskure ba. Muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa, muka sake mota.

Abu ɗaya na ɓoye wa Dada: daga Gurin sai an ƙetare kogin Faro a kwalekwale, ita kuwa tun da ruwa ya ci ƙanenta suna yara ba ta kusantar kogi. Na ɗauka in ta zo har gaɓa ba za ta juya ba. Ina jin ban kyauta ba.

Bakin Faro, ɗaya da rabi

An buga mana hatimi a fasfo lafiya. Dada ta dubi ruwan, ta zauna a kan buhun doyar da ta riƙo tsaraba. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, magana ma sai ta bakin wani. Ta juya ga Hauwa.

"Gaya wa mai takardun nan ya mai da ni Jalingo."

Hauwa ta ce, "Dada, minti goma ne fa."

"Shi ma ƙanena ai ba wuni ya yi a ciki ba."

Dattijon da ke tuƙa kwalekwalen ya ce, "Hajiya, to ko doyar za ta je ta gaishe miki da ita?" Ba wanda ya yi dariya.

Na durƙusa na ce, "Laifina ne. In kin ce a koma, a koma."

Sai ta tambayi Hauwa, "Jiya a waya, Yaya ta iya magana?"

"Da ƙyar, Dada."

Ta miƙe, ta rufe fuska da mayafi, muka shigar da ita. A tsakiyar ruwa ta damƙi hannuna ta ce, "Sa'idu, kar ka sake ni." Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ran nan.

Garwa

Mun isa gab da magariba. Yayarta ta ɗaga kai ta gane ta, suka yi kuka, suka dawo suna gardamar wa ya fi wani tsufa. Kwana huɗu Dada na ba ta kunu da hannunta.

Litinin: gida

Mun dawo ta hanyar tudu, mai nisa da ƙura, muka shigo Jalingo bayan la'asar. Kwana tara da dawowarmu aka bugo da rasuwar. Dada ta yi salati, ta share ido ta ce, "Alhamdu lillahi, na gan ta."

Na gode wa Allah, na gode wa Hauwa, da dattijon nan da ya jira mu fiye da awa guda bai ɗauki kowa ba.