Tayoyin Gaba a Lakar Salaga

Ban yi makaranta ba. Tuƙi na sani. Na yi shekaru ina ɗauko busasshen kifi daga Makango ina kai wa 'yan kasuwar Bawku, kuma duk wahalar da hanya ke da ita na sha.

Da na sayi tsohuwar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu, sai na shiga sahun masu motocin daji da ke zama a Yendi ran Juma'a bayan masallaci. A cikinmu akwai wani dattijo, injiniyan mota, wanda ya gama aiki a wajen haƙar zinariya ya dawo gida. Kowa ya kawo matsala yana yi masa bayani, kyauta. Ni ban taɓa tambayarsa komai ba. Na taɓa faɗa a gabansa cewa mota a laka ake saninta, ba a takarda ba. Aka yi dariya. Shi ma ya yi.

A wurin nan ni ake tambaya in an yi maganar hanya. Sunan da nake da shi ke nan, ba ni da wani.

Wata damina muka taso a jere za mu Salaga. Bayan Bimbilla motata ta nutse. Na ja ƙaramar sandar giya yadda na saba, na taka. Tayoyin baya suka yi ta haƙa rami. Mutane suka sauko.

"Masta, yau kai ne a ciki?" in ji wani direba. "Ku zo ku ga sarkin hanya!"

Injiniyan ya naɗe wandonsa ya shigo lakar. Ya ce in sake takawa. Gaba yake kallo, ba baya ba. Sai ya tsuguna, ya goge tsakiyar tayar gaba da hannu, ya murɗa wani ɗan murfi. Ya zaga ya murɗa na ɗaya gefen. Ya matso kusa da taga ya yi ƙasa da murya.

"Maigida, in ba a murɗa waɗannan ba, tayoyin gaba ba sa ja, ko ka karya sandar nan. Wanda ya sayar maka bai nuna maka ba?"

Akwai rubutu a jikin murfin. Kullum ina wanke shi.

Tun da na sayi motar nan da ƙafa biyu nake yawo, ina cika baki da huɗu. Na kasa kallonsa.

Na taka, mota ta fito kamar ba ita ba.

"Alhaji, me ya same ta?" direban nan ya tambaya.

Na riƙe sitiyari ina jira.

"Laka ce ta cushe wurin," in ji injiniyan. Ya tafi neman ruwan wanke ƙafa.

Haka muka isa Salaga. Da ya tona ni da na yi faɗa, faɗa na iya. Wannan rufin asirin ban san inda zan ajiye shi ba.

Juma'ar da ta biyo na je Yendi da wuri, kafin sauran direbobi. Na tarar da injiniyan, na ajiye masa kifi a leda, na buɗe gaban mota.

"Alhaji, fara daga farko."

Ya sa tabarau. Muna cikin yi sauran suka fara zuwa. Ban rufe gaban motar ba.