Hannun Hagu na Dakta Kwanye

Ba na mantawa da wata Talata, cikin damina, da na shiga ɗakin tiyata don duba aikin Dakta Kwanye. Lokacin ni ne babban likitan tiyata a asibitinmu a nan Mubi, ita kuma tana shekara ta biyu a koyon aikin.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, mai koyo ba ya hawa mataki na gaba sai babba ya tsaya a kansa ya ga aikinsa daga yanka har ɗinki, ya ba shi maki a fom: riƙon kayan aiki, tsayar da jini, ƙullin zare, da natsuwa. Sau biyu ina duba Kwanye, sau biyun ina rubuta cewa hannunta yana da nauyi. Ilimi kam tana da shi, marasa lafiya kuma suna sonta. Amma in ta faɗi a karo na uku, wato na wannan Talatar, sai ta maimaita shekara.

Mara lafiyar wani dattijo ne manomi daga ƙauyen Duvu, mai ciwon ƙaba. An yi masa allurar baya, ƙasansa ya mutu amma idonsa biyu. Ta fara aiki a hankali kamar kullum, zufa na tsattsafo mata a goshi. Can sai wata jijiya ta ɓalle, jini ya cika wurin. Kafin in miƙa hannu, ta wawuri ƙarfen matse jijiya ta danne ta tsaf. Da hagu ta yi.

Sista Rifkatu, wadda ke miƙa kayan aiki, ta kalle ni ta saman takunkumi.

Na ce, "Dakta, ke bahaguwa ce?"

Ta ce, "E, Oga. Ka yi haƙuri."

"Haƙurin me?"

"Tun firamare ake dukan hannun. Da na fara aiki kuma wani babba ya ce mini kayan tiyata na 'yan dama ne. A gida kawai nake ɗinki da hagu, a kan fatar akuya."

Na ce ta zagayo ɗaya gefen gadon, Sista ta juya tiren kayan. Abin da na gani daga nan ya sa na ji kunya. Zare yana bin hannunta kamar ruwa, ƙulli kowanne daidai da ɗan'uwansa. Dattijon, da ya ji mun yi tsit, ya ce daga bayan labulen da aka kare masa fuska da shi, "Likita, yarinyan ya iya aiki kuwa?" Na ce, "Baba, ta fi ni." Sista ta yi dariya har kafaɗunta na rawa.

Na ba ta cikakken maki, sai a ƙa'idar aiki na rage ɗaya, saboda ta ɓoye mini abin da ya shafi lafiyar mutum. Ta karanta, ta ce, "Gaskiya ne, Oga," hawaye na zubo mata.

Ku da za ku riƙa duba na ƙasa da ku, ga abin da na koya. Mai koyo yana tsoronku fiye da jini, kuma zai ɓoye muku har baiwar da Allah ya ba shi. In kun ga hannu yana da nauyi, kafin ku rubuta komai, ku zaunar da mai hannun ku tambaye shi. Ni sai da na ɓata wa yarinyar nan wata takwas kafin in yi tambaya ɗaya.